Guntun Wuyan Tulu

Ranar Laraba 'yan aji biyar suka tafi yawon buɗe ido a wani tsohon gari. Gidajensa duk sun zube tun shekaru aru-aru. Sai ganuwa ta rage, da rijiya, da ɗakin ajiye kayan tarihi.

Kafin su sauka daga mota, Malama ta ja musu kunne. "Kallo kawai. Kada wanda ya taɓa komai."

A cikin ɗakin kayan tarihin, wata dattijuwa ce ke aiki. Ta baje guntayen wani tsohon tulu a kan tebur, tana manna su ɗaya bayan ɗaya.

"Wata uku ke nan ina fama da shi," in ji ta. "Gobe baƙi za su zo daga nesa su gan shi."

Akwai wata yarinya da ake ce wa Auta, don ita ce ƙarama a ajin. Auta akwai kwashe-kwashe. Ko murfin kwalba ta gani sai ta adana. Idonta ya faɗa kan wani ɗan guntu mai zane. "Ɗan wannan wa zai lura da shi?" ta ce a ranta. Ta sulala shi cikin aljihu.

Da suka dawo daga kallon rijiya, sai suka tarar da dattijuwar durƙushe tana laluben ƙarƙashin tebur.

"Lafiya, Inna?" in ji Malama.

"Guntun wuyan tulun ne ban gani ba. In babu shi, bakin ba zai zauna ba." Ta ci gaba da lalube. "Ko ni ce na share shi da tsintsiya? Kai, tsufa!"

Auta ta dafa aljihunta. In ta yi magana, kowa zai san abin da ta yi. In ta yi shiru, wahalar Inna ta tashi a banza.

Direba ya danna ham. Yara suka fara shiga mota. Auta kuwa ta nufi wajen Malama.

"Malama," ta ce a hankali, hawaye na zuba. "Ga shi. Ni na ɗauka."

Malama ta ɓata rai. "Me na gaya muku? Maza ki ba Inna haƙuri. Gobe kuma ke za ki gaya wa ajin abin da ya faru."

Auta ta durƙusa. "Inna, ki yafe mini."

Dattijuwar ta sauke ajiyar zuciya. "Na yafe, jikata. Zo ki riƙe mini nan."

Auta ta tallafe tulun da hannu biyu, Inna ta manna guntun. Ya zauna daram! Yara suka tafa.

"Da kin tafi da shi, ke kaɗai za ki riƙa gani," in ji Inna. "Yanzu dubban mutane za su gani."

Tun daga ranar Auta ta gane cewa kayan tarihi na kowa ne. Ana kallonsu, a bar su inda aka same su.