Laburaren da Babu Littafi

"Ina laburaren?"

Da wannan Mama Afiniki ta shigo ɗakina, ko gaisuwa babu. Tun daga Kwoi ta hawo mota zuwa Kafanchan, ga ɗanta Azariya a bayanta, masoyina, ya yi tsuru-tsuru kamar kazar da ruwa ya daka.

"Mama, sannu da hanya..."

"Ajiye sannu! Azariya ya ce kin gina laburare. Scholastica ya ce ƙarya ne, yahoo kike yi da kuɗin intanet. Na zo in gani da idona. Ina littafi? Ina benci?"

Scholastica! Ita da tun muna kwayar waƙa a coci take haɗiyar yawu a kan Azariya.

"Gaisuwar iyaye na Asabar, babu shi," in ji Mama, tana nufin zuwan da za su yi neman aurena.

Na kalli Azariya.

"Baby, yi mata bayani, ni na gwada..." ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Raina ya ɓaci, hawaye suka taho, na mayar da su. Aikin da na ƙare idona a kansa, da mutumin da nake so, ba zan bar gulma ta kwashe su rana ɗaya ba. Na jawo kwamfuta, na durƙusa a gabanta.

"Mama, idan Fasto yana wa'azi da Hausa, wa ke juya wa tsofaffi zuwa yaren Jaba?"

Ta gyara zama. "Ni mana."

"To, akwai manyan na'urori a duniya da ke tsaron wannan kuɗin intanet, ana ce musu nod. Manhajar waya ba ta jin yarensu. Abin da na rubuta shi ke tsayawa a tsakiya, ya kai tambaya, ya dawo da amsa. Duk mai gina manhaja zai ɗauka ya yi aiki da shi kyauta, shi ya sa muke ce masa laburare."

Na danna. Tambaya ta tafi, amsa ta dawo.

Mama ta ƙura wa allon ido.

"Yana ƙara gishiri?"

"Ko ƙwaya. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa, ba ya riƙe kuɗin kowa."

Sai ta tafa hannu.

"Tafinta ne ke nan! Ku 'yan boko, me ya hana ku faɗi haka?" Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, dogo na banza, ka tsaya ana zagin matarka?"

Matarka...

Azariya ya durƙusa kusa da ni. "Yemima, zuciyata, ki yafe ni."

"Sai na yi tunani," na ce, alhali na riga na yafe.

Mama ta miƙe tana ɗaura gyale.

"Asabar muna zuwa. Amma bari in fara biyawa gidan su Scholastica. Akwai tafintan da ya ƙara mini gishiri."