Na'urar da Ke Cikin Kabad

"Me kika taɓa mini a falo?"

Muryar Umma, mahaifiyar saurayina Dogo, ta tsayar da ni cak. Ranar ce ya fara kawo ni in gaishe ta.

Laifina ɗaya ne. Na hango na'urar intanet ɗin gidan a cikin kabad na ƙarfe, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado. Ni kuwa aikina ke nan a jami'a: binciken yadda saƙo ke ratsa bango ba tare da igiyar waya ba. Da shi na zama Dakta, da shi na karɓo lambar yabo. Hannuna bai yi shawara da ni ba, na ciro ta na ɗora a saman kabad ɗin.

"Umma, ƙarfen ne ke tare..."

"Ba ki shigo gidan ba, har kin fara sauya mini ɗaki!"

'Yar ƙanwarta, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan Dogo, ta taɓe baki.

"Yau na'ura ce. Gobe ke za ta ɗora a saman kabad."

A mota na sha kuka. Wallahi ina son mutumin nan, kuma na san ba zai aure ni ba sai da yardar Umma.

"Zuciyata, ki daina kuka," in ji shi. "Amma ke ma... ranar farko?"

"Na'urar tana shan wahala a ciki ne!"

Ya yi dariya har da buga sitiyari.

Bayan 'yan kwanaki, ina tsakiyar gwaji da ɗalibaina, wayata ta yi ƙara. Umma ce.

Ashe don fushi ta ƙi taɓa abin da na taɓa. Da babbar 'yarta ta yi kiran bidiyo daga ƙasar waje, hoton bai tsaya ba, murya ba ta yanke ba. Ranar ta fara ganin jikanta yana tafiya. Sai 'yar ƙanwar ta mayar da na'urar kabad don neman shiga, hoton ya koma daskarewa.

"Ke mai rawar kai," in ji Umma.

"Na'am, Umma."

"Zo ki fito da abin nan."

"To, Umma..."

"Kuma ki faɗa wa babanki, baffannin yaron nan na nan tafe. Ba zan riƙa kiran baƙuwa tana gyara mini falo ba."