Masu Sauraron Maigandi

Ana dab da magariba Jafar ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan marigayi Maigandi, a Unguwar Rogo. Amfilifaya ya zo ɗauka, akwatin ƙara sautin kiɗa. Wani mai tara tsofaffin kayan kiɗa daga Legas ne ke neman irin ta da, mai kwalaben gilashi a ciki, kuma Jafar ya san inda ɗaya take.

Shekara goma sha huɗu suka yi suna kiɗa tare, Jafar a kan jita, Maigandi a kan bes, jitar nan mai kaurin sauti. Da ƙananan amfilifayoyi na zamani suka shigo, ga fiyanon da ke yin bes da kansa, sai Jafar ya sallame shi. A wurin biki ya gaya masa, gaban jama'a: "Kai da akwatinka kun tsuhwa." Tun ranar ba wanda ya sake gayyatar Maigandi.

Mariyatu, matar marigayin, ta fito da buta a hannu. Ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malam Jafar, ka bari sai da sahe."

"Yanzu nika son ta."

Ta nuna masa da butar. "Ga ɗakin can. Ka yi sallama."

Bai yi ba. Ya tura ƙofar.

Ƙaurin waya ya tare shi, haɗe da wani danshi irin na bakin gulbi. An share ɗakin tas, an shimfiɗa tabarmi daga bango zuwa bango. Amfilifayar tana lungu, yadin fuskarta ya yage, wayarta a naɗe a kanta. Tun safe babu wuta a unguwar.

Ya kama mariƙinta. Zafi ya sa ya saki.

Ya leƙa bayanta. Kwalaben sun yi ja kamar garwashi.

Sai ta fara gurnani, can ƙasa-ƙasa. Ya ji shi a haƙoransa kafin ya ji a kunne.

Tabarma ta yi ƙara a bayansa, kamar mutum ya gyara zama. Wata ta yi a dama. Wata kusa da ƙafarsa.

Ƙofa ta rufe a hankali.

Bes ɗin da ke rataye a ƙusa ta sauko. Ba faɗowa ta yi ba. Miƙo masa ita aka yi.

"Kaɗa," aka raɗa masa a kunne. Numfashin da sanyi.

Ya ɗauko kiɗan da ya fitar da sunansa a Sakkwato, wanda Maigandi ya ƙirƙira amma Jafar ya ce nasa ne.

Bai yi nisa ba wani ya ja tsaki.

Sai wani. Sai ɗakin duka.

"Ba shi na ba."

"Wanga shi yak kore shi."

Tsirkiyoyin suka naɗe masa yatsu uku na hagu. Suka matse. Ya ji ƙas.

Ladan ya ɗaga murya a masallacin bayan gida.

Riƙon ya sassauta. Jafar ya fizge hannu, ya yi waje da rarrafe, ya bar takalmi ɗaya.

Yatsun nan ba su sake lanƙwasuwa ba. Ya bar kiɗa, ya koma ba da hayar lasifika a gidajen biki.

Bayan wata biyu ya koma gidan da rana tsaka, ya tsaya daga zaure. Mariyatu ta ce masa shekara tara Maigandi ya yi yana kaɗa wa mutanen ɓoye a ɗakin kullum kafin magariba, tun da mutane suka daina nemansa.

"To ki kira malamai a yi karatu, a kore su mana," in ji Jafar.

"In kore su?" Ta gyara lulluɓinta. "Da yar rasu, su sunka cika ɗakin ga har kwana arba'in. Kai ko waya ba ka bugo ba."