Salatin Barandar Hinda

Ana fitowa daga sallar azahar aka kira komisariyar 'yan sandan Magaria daga asibiti. An kawo mata biyu daga gida ɗaya suna amai, bakinsu na kumfa. Tsohuwar, Inna Zouera, ta rasu kafin a sa mata ruwa. Ƙaramar, matar ɗanta Hinda, tana numfashi da kyar.

Insifekta Abdulmajid ya tarar da dangin mamaciyar a bakin ɗakin, suna faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa Hinda ce ta sa wa surukarta guba, ta ɗan lasa don kada a zarge ta. Likita ya ce shi dai abin da ya gani ya yi kama da maganin ƙwari, kuma abin da suka ci kwaɗon salati da tumatir ne da ƙuli-ƙuli.

Gidan bene ne a bayan kasuwa, shago a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Hinda malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ba ta da gona ba ta da tsakar gida, sai ta mai da barandarta lambu. Ta yanka tsofaffin bido, jarkokin ruwa, ta cika su da ƙasa da taki, ta shuka salati da tumatir da tattasai, ga kabeji a kusurwa, ga tushen yakuwa da ya rage tun kaka. Maƙwabta suka ce tun shigowar sanyi ba ta sayi ganye a kasuwa ba, har aika musu take yi.

Insifekta ya duƙa ya shinshina ganyen salatin, warin ya sa shi ja da baya. Tsutsotsi ne matattu a ƙarƙashin kabejin, da ƙadangare ɗaya a sandare. Ke nan a kan shukar aka zuba maganin, ba a cikin kwano ba.

Ya sauka wajen mai shagon, Ɗanasabe, wanda aka ce sun sha yin cacar baki da Hinda saboda ruwan ban-ruwanta na ɗiga masa kan buhunan fulawa.

"Ka taɓa hawa saman nan?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Ƙofar benen kullum a kulle take."

"Kana sai da maganin ƙwari?"

"Ni fulawa da sukari nake sayarwa."

Insifekta ya sa aka janye buhunan. A bayansu akwai kwali cike da ƙananan kwalabe marasa suna, irin waɗanda ake shigowa da su ta iyaka a ɓoye. Ɗanasabe ya zauna a ƙasa, ya rantse cewa sayarwa kawai yake yi, kuma tsoron a rufe masa shago ne ya sa ya ɓoye. Da aka matsa masa a kan wanda ya saya kwanan nan, sai ya ce mai gidan sama ne ya karɓi kwalba ɗaya jiya da la'asar.

Hamissou, mijin Hinda, dillalin wake ne. Ya iso asibiti a kan moto, wato babur, ya tarar an lulluɓe uwarsa. Insifekta ya bar shi har aka kai ta makwancinta, sannan ya ja shi gefe. Hamissou ya ce tun jiya da rana yake Bande wajen auna wake, can ya kwana, bai san komai ba sai da aka kira shi a waya. Maganin kuwa na rumbun wake ne, yana can Bande.

Insifekta ya koma gidan. Wata maƙwabciya, Rukaiya, ta ce da safen nan, bayan Hinda ta tafi lakwal, ta hango Hamissou a baranda yana yayyafa wa shukokin wani abu daga robar ruwa. Ta ɗauka ban-ruwa yake yi. An sami robar a bayan tukwanen tattasai, murfinta a huhhuje da ƙusa.

A ofis Insifekta ya ajiye robar a kan tebur a gaban Hamissou.

"Malam Hamissou, danginka sun shigar da ƙara a kan matarka. In ta farfaɗo, daga gadon asibiti nan zan kawo ta. Mutum uku ne ke da makullin benen. Ɗaya ta rasu, kai ka ce kana Bande."

Hamissou ya kalli robar.

"Kada ku taɓa ta. Ni na fesa."

Ya ce tsutsa ce ta faɗa wa kabejin ta koma kan salatin. Hinda ta gwada toka, ta gwada ruwan ganyen bedi, wato dogon-yaro, abin bai yi ba, har ya gan ta tana tsince su da hannu tana share hawaye. Ta hana a kusanci shukarta da magani, shi ya sa ya jira ta fita. So yake ta dawo ta ga tsutsar ta mutu ta yi murna. Bai san a ranar za ta tsinki salatin ba, domin Inna ce ta ce tana marmarin kwaɗo. Da ya ji abin da ya faru, ya kasa buɗe baki ya ce shi ne.

Insifekta ya rubuta, ya tsaya, ya sake rubutawa. Shekarunsa na aiki ya saba da ɓarayi da 'yan fasa-ƙwauri, ya san abin da zai ce musu. Wannan karon daban ne, amma ba shi da ikon rufe maganar. Rai ya salwanta, dole a kai ta gaban mai shari'a, tare da Ɗanasabe da kwalinsa.

Ana fita da Hamissou aka kira daga asibiti cewa Hinda ta buɗe ido, tana tambayar ko Inna ta ji sauƙi. Ba wanda ya gaya mata komai tukuna.

Hamissou ya tsaya a bakin motar 'yan sanda ya roƙi a bar shi ya gan ta, ko da daga taga ne. Insifekta ya ce ba zai yiwu ba yau.

"To wa zai gaya mata?"

"Ni," in ji Insifekta.

Aka rufe ƙofar motar. Insifekta ya bar motonsa a komisariya, ya kama hanyar asibiti a ƙasa, yana tafiya a hankali.