Ranar da Dogo Ya Rufe Shagon Baba

Auta na guga a falo Baba ya faɗo ko sallama babu, hula a hannu.

"Kira saurayin naki ki ce ya kyauta! Shi ya danna wa shagona kwaɗo, a gaban jama'a!"

Auta ta ajiye dutsen guga. Dogo, wanda aka sa musu ranar aure, ma'aikaci ne a hukumar kula da magunguna. Baba kuwa ya daɗe yana sayar da wani jan ruwa a kwalba, an rubuta a jiki wai yana warkar da suga, hawan jini, har rashin haihuwa. Ba macuci ba ne, shi ma ya yarda da abin.

Babban wanta ya nuna ta da yatsa. "Ko shi, ko mu!"

Ta shige ɗaki ta buga waya tana kuka. "Haba Dogo, ko ƙafa ba ka ɗaga masa ba?"

"Auta, an gwada ruwan nan, kala ce kawai da maganin kashe zafi. Na sha gaya wa Baba a keɓe, ya ce boko ke ruɗa ni. Wallahi ban yi barci ba, amma rayukan mutane fa?"

Aka fasa biki. Auta ba ta ɗaga wa kowa murya ba, ba ta kuma saurari wani ba. Ta rame.

Ana nan sai Goggo, yayar Baba da ta raine shi, ta yanke jiki a kicin. Likita ya ce ta daɗe da barin ƙwayoyinta na hawan jini.

"Me take sha?" ya tambaya.

Baba ya zame ƙasa. Shi yake kai mata kwalaben kyauta, don ƙauna.

Dogo ya zo asibiti ba gayyata. Bai ce uffan kan shago ba, sai zirga-zirgar gwaji da magani. Da Goggo ta farfaɗo, tana jan harshe, ta dubi ƙanenta.

"Kai, ba yaron nan matarsa."

Baba ya kama hannun Dogo, hawaye na zuba. "Yafe mini, ɗana."

An sha biki, Goggo na dogara sanda tana tsokanar ango. Auta ta gane wanda ya ƙi yi wa mahaifinta ƙarya ba zai yi mata ba. Haƙuri da gaskiya sukan yi ɗaci, amma ba sa ba da kunya.