Sunan Da Ba A Faɗa A Gidan Inna

Da hantsi Radiya na sussuka a tsakar gida, a Ollelewa, sai ga Nana ta shigo, direktan lekol na riƙe da hannunta. Karo na uku ke nan da ya maido ta daga lekol.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Yara tamanin ne a ajina. Masu jin ma ba ji suke ba, balle ita. Ku je anspeksiyo, ofishin ilimi, a Tanut, akwai lekol ɗin kurame a Damagaram."

Radiya ba ta ɗaga kai ba. Nana ƴarta ce ta fari, ta ci kuma sunan uwar mijinta, Raishatu. Kunya biyu ke nan: ba ta faɗin sunan, ba ta tsoma baki a zancenta. Tun yaye yarinyar take ɗakin kakarta, Inna. Shekara bakwai ba wanda ya kira ta da sunanta na yanka. Ba a ga asara a nan ba, tunda ko an kira ba ji za ta yi ba.

"Damagaram!" in ji Inna bayan ya fita. "Kurma da lekol? Me za su koya mata, shiru? Ta riga ta iya."

An gwada rubutun sha, an gwada hayaƙi, har man kaɗanya an ɗiga mata. Kunnuwan sun yi laushi ƙwarai, ji ne dai bai zo ba.

Da azahar Abdurrazak ya dawo daga rumfarsa ta gyaran moto, ya tarar da matarsa a ɗaki idanu ja.

"Wa ya taɓa min ke, Radi?"

"Kullum yarinyar nan tana bakin tagar lekol tana kallon allo. Ka gan ta kuwa?"

"Na gan ta."

"To ka yi wa Inna magana. Ni ba ni da baki."

Ya yi magana. Inna ta ba shi amsa da murfin kwano, wanda ya tsallake shi da kaɗan. Shekarar ta wuce. Radiya ta ci gaba da kai wa Inna fura, tana matsa mata ƙafa, tana kuka a bayan rumbu inda sai awaki ke gani.

Da damina ta gaba ta ja baya, saura kwana tara a rufe ɗaukar yara, Radiya ta durƙusa gaban surukarta.

"Inna, ki gafarce ni. Maganar yarinyar nan ce."

"Wace yarinya? Uwar ƴar fari ce ke magana, ko kunnena ne shi ma ya tafi? Ni ina gane ta. In ta taɓa ciki, yunwa ce. In ta ja zanena, ruwa take so. Me ya rage?"

"Ranar da babu ke fa, Inna? Wa zai gane ta?"

Inna ta miƙe tana salati. "Mutuwa take kira min! Abdu! Ka mai da ta gidan ubanta yau ɗin nan!"

Abdurrazak ya tsaya tsakanin mata biyu, yana murza tsumman baƙin mai a hannu.

"Inna, ban taɓa saɓa miki ba. Amma ba zan saki mace don ta so ƴata ba. Abu ɗaya nake roƙo: mu je Tanut tare. In kin gani kin ce a'a, na rantse an bar zancen."

Inna ta yarda, don dama ta san amsarta.

Su huɗu suka je Tanut. A ofishin anspeksiyo suka sami Madam Asiya mai kula da dosiye, wato takardun yara masu naƙasa, da wani dattijo a gefe yana rubutu. Madam ta ɗauki bik za ta rubuta.

"Sunan yarinya?"

"Nana," in ji Abdurrazak.

"Na yanka nake so, wanda za a sa a takarda."

Abdurrazak ya dubi silin, don sunan uwarsa ne. Inna ta ɗaure baki, ta gane cewa in ba suna ba dosiye, ba sai ta wahala da cewa a'a ba. Madam ta dubi agogo.

"Jama'a, akwai mutane a waje."

"Raishatu."

Radiya ce. Hawaye na zuba, ta sake faɗa. "Sunanta Raishatu. Ƴata ce. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tana wata goma."

"La'ilaha!" in ji Inna. "Yau na ga ƙarshen duniya!"

Duniya dai ba ta ƙare ba. Dattijon ne ya ajiye bik, ya tsuguna gaban Nana, ya nuna kunnensa, ya kaɗa hannu, sannan ya nuna ta. Ya motsa yatsu. Nana ta kwaikwaya. Ya sake wani, ta sake. Sai ta fashe da wata dariya da ba wanda ya taɓa ji a gidansu.

"Malam Manzo ke nan," in ji Madam. "Shi ma kurma ne. Malami ne a lekol ɗin kurame a Damagaram, yana da mata da ƴaƴa huɗu."

Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ƙurar hanya ce.

"Ba ta cin tuwo in da yaji," ta ce a hankali. "Kuma tsoron kaji take. Wa zai san wannan a Damagaram?"

"Ba wanda ya sani sai ke, Inna," in ji Radiya.

"To ai shi ke nan. Ƙanena Hamza na can, yana da ɗaki. Ku rubuta mu mu biyu."

Madam ta ce gurbi ɗaya ne. Inna ta ce ita a bakin ƙofa za ta zauna, ta ga wanda zai kore ta. Ba a samu wanda ya gwada ba.

Da hutun farko suka dawo. Inna ta sauko daga mota tana yi wa jikarta faɗa da yatsu, da sauri har ta fi malamin. Nana ta ɗauki gawayi a murhu, ta ja uwarta zuwa bangon rumbu, can inda awaki suke, ta rubuta baƙaƙe manya a karkace: RAISHATU. Ta nuna ƙirjinta.

Radiya ta sunkuyar da kai don kunya. Inna ta kama haɓarta ta ɗaga.

"Karanta mana. A Tanut ba ki ji kunya ba sai a nan?"

Abdurrazak ya juya baya, wai yana duba tayar moto.

Kunya ado ce, ba mai musu, kuma haƙurin Radiya bai faɗi ƙasa ba. Amma ku da za ku yi aure gobe ku riƙe wannan: yaron da ba ya iya magana, haƙƙinsa ne wani a gidan ya yi ta a madadinsa.