Ranar Da Hajiya Ƙulu Ta Kashe Rediyo

Tun da hantsi Hajiya Ƙulu ta sa aka fito da rediyo tsakar gida, ta tara matan maƙwabta kamar za a yi suna. Yau za a karanta sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, kuma autanta Sabitu na ciki. A shekarun nan kuɗin man fetur ya malale a Libreville, babban birnin Gabon, har mai sayar da atamfa a kasuwar Mont-Bouët irin Hajiya ta fara ganin mutane kamar kiyashi.

"Paris zai tafi," take cewa tana kaɗa awarwaro. "Jami'ar garin nan ai ta 'ya'yan marasa galihu ce."

Sabitu na raɓe a bakin ƙofa. Mai karantawa ya fara da waɗanda suka haye kai tsaye. Can sai ga sunan Madina Moussa, har da yabo. Fuskar Sabitu ta washe, Hajiya kuwa ta ja tsaki. Ta san yarinyar sarai: 'yar wani direban taksi ce, mutumin Damagaram da ke haya a unguwar Awendjé, kuma ita ce ɗanta ya nace yana so.

"Har da ita? Lallai bana bak ta yi araha!"

Aka gama wannan rukunin babu Sabitu. Mutumin ya yi wani bayani da Faransanci, ya shiga rukuni na biyu, sai ga "Sabitu Maitama". Hajiya ta rangaɗa guɗa, ta murɗe rediyon ta kashe. Faransancinta bai wuce na ciniki ba, kuma a saninta duk wanda aka ambata a rediyo, in ba mutuwa ya yi ba to ci ya yi.

"Umma, ki tsaya, wannan rukunin fa na..."

"Rufe mini baki! A kamo rago!"

Abin da ta ƙi saurara shi ne, rukuni na biyu na waɗanda makinsu ya gaza ne. Ranar Litinin za su koma gaban malamai a yi musu tambayoyi da baki, wanda ya daburce ya maimaita shekara. Sabitu, da yake gaban uwarsa ba shi da kataɓus, ya haɗiye maganar tare da naman ragon. Ita kuma ta tsara masa yawon gaisuwa gida-gida, ba maganar buɗe littafi.

Washegari Madina ta zo, ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ina wuni. Don Allah ki bar Sabitu ya yi bita. Bai haye ba tukuna, zagaye na biyu gare shi."

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa. "Ke 'yar mai taksi! Kin ga zai shiga jirgi, baƙin ciki ya kawo ki ki yi masa baki? In kuma aure kike hange, to ki hangi wani gidan. Fita!"

Madina ta fita hawaye na zuba, gogan naku Sabitu kuwa na tsaye kamar turmi. Sai da ta kai bakin titi kunya ta kama shi, ya bi ta a guje.

"Madina, ki yafe mini..."

"Ajiye ban haƙurin," ta ce tana share ido. "Je ka ɗauko littafin lissafi."

Ta ƙaurace wa walimar da ƙawayenta suka shirya. A wani gareji a unguwar Oloumi, inda mahaifinta Malam Moussa ke gyaran taksinsa, ta zaunar da Sabitu kan tsohuwar taya. Tana tambaya yana in-ina, tana maimaitawa, uban na gefe yana jin su.

Ranar Litinin Hajiya na shago tana ba masu ciniki labarin sanyin Paris, ita da ba ta taɓa zuwa ba, sai ga maƙwabciyarta Mero ta leƙo.

"Ƙulu, ba ki raka naki ba? Yanzu na baro shi a layin jarrabawa tare da nawa, suna ta zufa! Oh ni, mu da muka ci rago, in bai haye ba amai za mu yi?"

Layin 'yan atamfa ya kwashe da dariya. Hajiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta rufe shago tun kafin azahar.

Sabitu ya haye, amma da ƙyar da jiɓin goshi. Makarantar Paris ta ce ba ta ɗaukar irin makinsa, sai jami'ar nan ta marasa galihu ce ta rufa masa asiri. Madina kuwa aka ba ta gurbin karatun likita a Dakar. Ranar ce Sabitu ya fara yin magana kamar namiji.

"Umma, ba don ita ba da yanzu ana nuna ki da baki a kasuwa. In ba ita ba, ba zan yi aure ba."

Hajiya ta yi kuka, rabi na nadama rabi na takaici. Ta ɗauki goro ta ratsa lungunan Awendjé har ƙofar da ta rantse ba za ta taka ba. Malam Moussa ya saurare ta har ta gama, bai ɗaga murya ba.

"Ba komi, Hajiya, ya wuce. Amma ɗiyar mai taksi za ta karatu. In ɗanki na da haƙuri, shi jira ta dawo."

Ya kuwa jira, shekara da shekaru, ya ƙi duk 'ya'yan attajiran da aka yi masa tayi. Da Madina ta dawo aka ɗaura aure, Hajiya da kanta ta riƙo hannunta ta shigar da ita ɗaki. Mai hali ba ya fasa halinsa, don yanzu Mont-Bouët ta gaji da jin "surukata likita".

To 'yan'uwa, raini ba ya rage wa wanda aka raina komai, mai rainin yake kunyatawa. Wanda ya zo maka da gaskiya mai ɗaci, ka saurare shi ko ɗan wane ne, domin wataƙila shi kaɗai ne mai ƙaunarka a cikin taron.